Ido Nata, Kunne Nasa

Wando ne ya kai ni gidan Mama Tela. Ya yi mini tsawo, wani abokin aikina ya ce in kai mata. Ya ce ta daina ɗinka sabo, gyara kawai take yi, amma in ta kalmasa ƙafar wando ba mai gane an taɓa shi. Gidan yana hawa na biyu a wani dogon bene da ke bayan tashar mota, ɗaki biyu da falo. Keken ɗinkinta yana baranda, inda haske ya fi yawa, kusa da wani tsohon gwangwanin biskit cike da maɓallai. Ta auna ni, ta soka fil biyu, ta ce in dawo duk ranar da na ga dama ban da Laraba da yamma.

"Me ake yi ran Laraba?" na tambaya.

Daga cikin falo wata murya ta amsa: "Kotu ake zama."

Mijinta ne. Mutanen benen suna kiransa Baba Halo, don ya yi kusan shekara talatin a ɗakin waya na wani babban otal, yana zaune gaban allon wayoyi yana haɗa kira, kuma da wannan kalmar yake fara kowace magana. A can ya koyi Turanci, da kunne, ba a aji ba. A can kuma ya koyi riƙe murya. Ya ce baƙo zai sauka a otal ɗin ya tafi, bayan shekaru ya bugo waya, kafin ya faɗi sunansa ya gane shi. Bayan ya yi ritaya ciwon suga ya ci idonsa a hankali. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa.

Kotun da yake nufi wani shirin talabijin ne na ƙasar waje, da Turanci, wanda kowane mako ake farawa da laifi a ƙare a gaban alƙali. Sun fara kallonsa tun Autarsu tana goye, yanzu ita ma ta zama ma'aikaciya a wani kantin magani. Shirin yana da sunansa, amma a gidan ba mai kiransa da shi. Shari'ar Laraba suke ce masa. Akwai shekarar da tashar ta mayar da shi Juma'a, suka ci gaba da ce masa Shari'ar Laraba har aka gaji aka dawo da shi.

Mama Tela ba ta jin Turanci in ban da gaisuwa da sunayen yadi. Tun farko shi ke fassara mata. Da idonsa ya tafi sai ya ce ya bar kallo, a ba maƙwabta akwatin talabijin ɗin. Ta ce masa, to ni wa zai fassara mini? Daga nan suka raba aiki. Ido nata, kunne nasa.

Aikin yana da tsari, sun kuma bayyana mini shi dalla-dalla. In mutanen shirin suna magana, ita ta yi shiru. In suka numfasa, sai ya jefa mata fassara a gajarce. In kiɗa ne ke tashi, ko ana tafiya a mota, ko wani yana buɗe ƙofa a hankali, filin nata ne, ta faɗa masa abin da ke faruwa. Doka ɗaya ya kafa mata: ta faɗi abin da ta gani, ban da abin da take zato. Ya ce bai san makon da ba ta karya dokar ba.

"Tela ce," in ji shi. "Ba ta ganin mutum, kayansa take gani. In ce mata wa ya shigo, ta ce mini wani mai kwat ɗin aro. Ta yaya kika san aro ne? Wai kafaɗa ta yi masa yawa."

"To ba ta yi masa yawa ba?" ta ce daga baranda.

"Ni na gani?"

Babban ɗan sandan shirin, wanda ya fi kowa daɗewa a ciki, suna biyu gare shi a gidan. Baba Halo yana ce masa Mai Tari saboda muryarsa. Ita tana ce masa Kwat Ɗaya, don a cewarta shekara goma bai canja ba, kuma aljihun hagu ya saki tun tuni ba wanda ya ɗinke masa.

In shirin ya ƙare ba sa tashi. Sai su zauna su yi wa shirin kansa shari'a. Wanda ya yi kyau a sallame shi. Wanda ya yi dama-dama a ci shi tara. Wanda ya ɓata musu yamma a ɗaure shi, wani lokaci har da aiki mai wahala. Auta takan bugo waya daga wurin aiki ta ji hukunci, kuma masu gadin benen ma sun saba tambaya da safe: "Baba, jiya ɗauri ne ko sallama?"

Ranar da na koma karɓar wandona na tarar da sabuwar dikoda, na'urar kama tashoshi, a ƙarƙashin talabijin, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba. Baba Halo yana ɗaki yana barcin rana. Mama Tela ta miƙo mini wandon, ta ce in duba. Na duba, ban ga inda aka taɓa ba. Sai ta ce Auta ce ta kawo dikodar, kuma tana da wani maɓalli da in an danna, wata murya take fitowa tana yi wa makafi bayanin abin da ke kan allo.

"Yarinya ta yi abin kirki," ta ce, tana cizge zare da haƙori. "An gwada jiya a kan wani shirin tsuntsaye. Komai yana faɗa. Har launin ƙafar tsuntsu."

"To ai kin huta," na ce.

"Haka kowa ke cewa."

Ta zare wani zif daga siket ɗin da ke cinyarta kafin ta ci gaba. Ta ce muryar ba ta magana a kan mutanen shirin, jira take su yi shiru sannan ta shiga. Wannan shirun kuwa shi ne wurin da ita take magana, shi ne kuma wurin da yake fassara mata. In muryar ta cika shi, ba sauran wuri. Shi ya samu ido, ita ta rasa kunne, kuma sa'a ɗayan da suke zama kujera ɗaya a mako ta tafi ke nan. Sauran kwanakin tana kan keke, shi yana tare da rediyonsa.

"Kin gaya masa?"

"In ce me? Mutum ya samu ido in ce ya mayar?"

Kafin in fita Baba Halo ya farka, ya ji muryata ya gane ni. Ya ce ran Laraba za a gwada sabon ma'aikaci a kotu, in zo in zauna cikin 'yan kallo.

Na zo rana tana shirin faɗuwa. Auta ta riga ni, da farar rigar aikinta a hannu, ta nemi izini ta tashi da wuri don ta ga yadda kyautarta za ta yi. Doguwar kujerar falon ta lotsa a wuri biyu. Baba Halo ya zauna a lotsawar dama, Mama Tela ta zauna a ta hagu, kusa da kunnensa mai kyau. Auta ta danna maɓallin ta ɗora rimot a hannun kujera.

Shirin ya fara da gidan burodi da asuba. Muryar ta shigo, ta namiji, a natse, ba gaggawa. Ta ce wata ma'aikaciya ta buɗe ƙofar baya, ta kunna fitila, ta ga ƙafar mutum a bayan buhunan fulawa. Mai gidan burodin ne, an kashe shi. Baba Halo ya gyara zama.

"Kai, yaron nan ya iya aiki," ya ce. "Raɗa yake yi kamar mai tsoron tada jariri."

Nan take ya raɗa masa suna Mai Raɗa. Da aka koma ofishin 'yan sanda, Mai Raɗa ya ce Mai Tari yana tsaye tsakanin tagogi biyu yana duba hotuna.

"Ashe ofishin nan taga biyu gare shi? Tela, duk shekarun nan ba ki taɓa gaya mini ba."

"Taga ce ta yi kisan?"

Auta ta yi dariya, ni ma na yi. Mama Tela ta tambaye shi me Kwat Ɗaya ya ce wa matar mamacin. Ya fara gaya mata, sai Mai Raɗa ya shigo da bayanin wani makulli da aka tsinta, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata." Ta dakata. Ta sake tambaya bayan ɗan lokaci, ya ba ta rabin amsa, rabin ya bi Mai Raɗa. Ba da gangan yake yi ba. Fuskarsa a sake take, bakinsa a ɗan buɗe, irin na mutumin da aka buɗe wa ɗakin da ya daɗe yana wucewa ta ƙofarsa. Ta dube shi, ba ta sake tambaya ba.

Da aka tafi talla ta miƙe. Ta ce akwai siket ɗin wata malamar asibiti da za a zo karɓa gobe da sassafe. Ta fita baranda ta jawo ƙofa. Jim kaɗan muka ji keken ya tashi, a hankali, ba yadda na ji tana taka shi ranar da na fara zuwa ba. Auta ta dubi ƙofar, ta dubi rimot, ta dubi ubanta.

'Yan sanda suka kama direban da ke rarraba burodin. Akwai kuma surukin mamacin, wanda ya riƙa shiga yana fita cikin labarin. Aka zo kotu. Mai Raɗa ya ce alƙali ya shigo ya zauna, dattijo mai furfura da tabarau. Alƙalin ya ce a kira ƙara ta farko. Jimla ɗaya ya yi.

Baba Halo ya ɗago daga jingina.

"Na san muryar nan."

"Sabon alƙali ne, Baba," in ji Auta. "Matar da ke kujerar a da ai ta bar shirin."

"Ba sabo ba ne. Ku yi shiru."

Alƙalin ya sake magana, ya gargaɗi wani lauya. Baba Halo ya buga cinyarsa, ya juya wajen ƙofar baranda.

"Tela! Tela, zo ki duba mini kunnen mutumin nan!"

Keken ya tsaya.

"Ka tambayi abokinka," ta amsa.

"Abokina bai san kowa ba, yau ya zo garin. Ki zo kafin su kau da shi."

Ta shigo da tef ɗin awo a wuya, ta tsaya a tsakiyar falo, ta tare mini rabin allo. Aka nuna lauya, aka nuna direban, sannan aka dawo kan alƙalin yana rubutu. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Kai!" ta ce. "Likitan haƙorin nan ne!"

"Na faɗa!"

"Ga kunnen hagun a lanƙwashe. Ga shi yana rubutu da hagu. Malam, mutumin da ya kashe abokin aikinsa ya zuba shi a mota! Ba ɗaurin rai da rai aka yi masa ba? Wa ya sake shi har ya ba shi kujera?"

Auta ta ce, "Mama, ɗan wasa ne. Shirin da ya daɗe haka, sukan dawo da mutum su ba shi wani matsayi. Suna zaton an manta."

"Na san wasa ne, ni yarinya ce? Amma a gaban idona ya yi kisan nan. Su sa masa baƙar riga su ce in tashi tsaye?"

Ba ta ankara ba har ta koma lotsawarta ta hagu. Suka shiga gardamar wace shekara ce. Ita ta ce shekarar da Auta ta karya hannu a makaranta. Shi ya ce a'a, bayan nan ne, don ya riga ya bar otal, kuma yana tuna sai da ya jawo kujera gaban akwatin kafin ya ga fuskar sosai. Ya ce fuskar likitan nan tana cikin na ƙarshe da ya gani da kyau: saurayi, gashi baƙi wuluk, yana murmushi ana karanta masa hukunci.

"Ya tsufa?" ya tambaya.

"Ya tsufa. Furfura har gira. Wuya ya zube, kwalar rigar tana yawo a jikinsa."

"Mu ma haka muka koma?"

"Kai dai. Ni ina nan yadda ka bar ni."

Duk wannan lokacin Mai Raɗa yana ta aikinsa, yana faɗin wanda ya tashi da wanda ya zauna, ba mai saurarensa. Baba Halo ya lalubo rimot ya miƙa wajen da yake jin numfashin 'yarsa.

"Auta, ce wa abokin nan ya ɗan yi shiru. Manya na magana."

Ta danna. Daga nan na ga aikin da aka ba ni labari. Lauya ya yi tambaya, direban ya amsa, Baba Halo ya karkato ya ce, "Wai bai taɓa riƙe makullin baya ba." Kiɗa ya tashi, Mama Tela ta ce, "Matar mamacin ta sunkuyar da kai. Rigar sanyin mijin ce a jikinta, ta naɗe hannun sau biyu." Ya ce, "Allah sarki." Da aka nuna surukin, ta ce baƙar kwat ɗinsa ta zauna masa ɗas, ba irin wadda ake saya a gurguje don zaman makoki ba, tun kafin mutuwar aka auna shi, don haka shi ya yi kisan.

"Abin da kika gani, Tela. Ban da zato."

"Ai ɗinkin na gani."

Ba shi ya yi ba. Direban ne. Wata lauya mace mai gabatar da ƙara ta sa ya faɗi abin da ke bayan buhunan fulawa, abin da bai kamata ya sani ba in da gaske bai shiga ɗakin ba. Likitan haƙori ya yanke masa hukunci, kiɗan ƙarshe ya tashi, Auta ta rage murya.

Sai aka zauna shari'ar shirin. Baba Halo ya ce rabin farko ya yi sauƙi da yawa: makullin da ya kamata a sha wahala kafin a same shi, an ajiye wa Mai Tari shi a bakin ƙofa kamar saƙo. Ya ce kukan direban daga hanci yake fitowa, ba daga ƙirji ba, duk wanda ya yi aikin waya ya san bambancin. Amma ya yaba tambayar lauyar, ya ce ba ta ɗaga murya ba, kuma ta bar mutumin ya kai kansa. Mama Tela ta ce ba za ta yi magana kan rabin farko ba tunda ba ta nan. Ta ce matar mamacin ta yi ƙoƙari, kuma duk wanda ya zaɓa mata rigar nan ya san mutuwa. Amma an sa wa surukin kwat mai kyau don kawai a yaudari mutane, wannan kuwa rashin kunya ne.

"Hukunci?" Auta ta tambaya.

"Tara," in ji Baba Halo.

"Tara ga shirin," in ji Mama Tela. "Alƙalin kuwa ya koma ya ƙarasa wa'adinsa."

Auta ta juya rimot a hannunta. Ta tambaya a hankali ko ta mayar da dikodar ne.

"Ki mayar ina?" ya ce. "Mai Raɗa ba shi da laifi. Yaro ne mai ladabi, aikinsa tsaf, ya nuna mini tagogin da uwarki ta ɓoye mini. Kyautarki ba ta faɗi ƙasa ba, Auta. A ba shi tsuntsaye, a ba shi duk abin da ake nunawa in tana kan keke. Zan ji daɗinsa. Amma bai san jiya ba, kuma ba a gardama da shi. Laraba akwai mai kujera."

Mama Tela ta cire tef ɗin daga wuyanta ta naɗe shi a yatsa, ta sa hannu ta gyara masa kwalar rigarsa da ta lanƙwashe. Auta ta nuna masa maɓallin da yatsansa, na uku daga ƙasa, ta ɗiga masa ɗan gam a kai don ya riƙa ganewa. Siket ɗin malamar asibiti yana nan kan keke, allura a tsakiyar ɗinki.

Na yi sallama na tsaya bakin ƙofa ina sa takalmi. A falo ta ce masa ya ba ta rabin da ya wuce ta, tun daga inda ta fita. Ya fara, yana haɗa mata maganar da ya ji da hoton da Mai Raɗa ya ba shi. Ya zo inda wata maƙwabciyar gidan burodin ta gaya wa Kwat Ɗaya cewa ta ga mota da asuba.

"Me take sanye da shi?" ta tambaya.

"Abokina ya ce riga."

"Riga kawai?"

"Riga kawai."

"To ka ji," ta ce. "Ci gaba."